Datong Mai Ruwan Zafi

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Agusta ya san ruwan famfo ba abokin wasa ba ne. Wannan sanyin shi ya ciyar da Datong da iyalinsa shekara da shekaru. A wani tsohon otal na Rayfield yake aiki, kuma aikin guda ɗaya ne tak: ya hura wuta a ƙarƙashin duro, ya cika bokitai, ya bi ɗaki-ɗaki yana ƙwanƙwasawa. Ubansa ya ƙare rayuwarsa yana wankin kuza a Naraguta, ƙafa cikin ruwan sanyi, har ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Shi ya sa Datong yake ganin ruwan zafi kamar wani abin ibada. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana, amma in ka ce ruwansa bai yi zafi ba to ka taɓo masa inda yake ciwo.

Sai ga korona. Aka kulle gari, baƙi suka ɗauke ƙafa, otal ya yi tsit. Da aka sassauta, manaja Okey ya fito da dabara. Ya sa aka kwashe gadaje, aka shigo da tebura da kujeru, aka ce ɗakunan sun zama ofis na haya ga masu aiki daga gida waɗanda gidan ya gagara. Akwai wuta, akwai intanet, ba yaro mai kuka. An sanar da kowa sabon tsari, Datong ma ya gyaɗa kai, amma a ransa ɗaki ɗaki ne, kuma wanda ya shiga ɗaki baƙo ne.

Farkon mai haya Sharafaddeen ne, wani akanta daga Anguwan Rogo, wanda ƙarar kekunan ɗinkin maƙwabta ta koro shi. Da hantsi yana zaune gaban kwamfuta, ya sha kwat da laktaye, manyansa na Legas suna kallonsa ta bidiyo, sai ƙofa ta buɗe a bayansa. Ga Datong da bokiti yana tururi, tawul a kafaɗa.

"Oga, ruwan wanka. A yi sauri kafin ya huce."

Can wata murya daga cikin kwamfutar ta tambayi Sharafaddeen da Turanci ko aiki yake yi, ko kuwa hutawa ya je yi a otal. Bawan Allah ya dinga rantsuwa, gumi na karyo masa duk da sanyin.

Okey bai ɓata lokaci ba. "Datong, ba wanda zai yi wanka a ofis. Ruwanka ba shi da aiki yanzu. In wata ya ƙare, ka tafi gida."

Maganar ta soki Datong ƙwarai. Ba korar kaɗai ba, har da cewa ruwansa ba shi da aiki. Gashi ya yi furfura, bai iya komai ba sai wannan, ga yara a makaranta.

Washegari ya je ba wa akantan haƙuri, kuma saboda sabo, bokitin na hannunsa. Ya tarar da Sharafaddeen cikin wani taron. Daga ƙirji zuwa sama mutum ne na a zo a gani. Ƙarƙashin tebur kuwa ƙafafu ne tsirara a kan tayil, ya cire takalman da ruwan sama ya jiƙa, ƙafafun suna ta karkarwa don sanyi. Datong ya juye ruwan a roba, ya surka, ya durƙusa ya yi rarrafe don kada Legas ta gan shi, ya tura robar ƙarƙashin teburin. Sharafaddeen ya tsoma ƙafa ɗaya, ya tsoma ta biyu, ya ci gaba da karanto lissafi da murya mai daɗi, har ogansa ya yaba.

Zance ba ya kwana a otal. Kafin mako ya zagayo, lauya da malamar jami'a da mai zanen gidaje duk sun nemi tasu robar. Kana bi ta baranda sai ka ji ana zuba Turanci mai tsada, ƙasa kuma ana ɗan facal-facal. Datong dai yana rarrafensa, yana kuma kallon wata yana ƙarewa, don Okey bai ce ya janye maganarsa ba.

Ranar ƙarshe aka ce manaja na kira. Datong ya wanke hannu, ya cire hula, ya shiga. Okey na zaune bayan tebur ya haɗe rai, yana latsa waya, ko kallonsa bai yi ba. Sai Datong ya lura manaja ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, takalmi da safa suna gefe guda.

"Me kake jira?" in ji Okey. "Kullum da safe ka fara da nawa. Kuma kada ya huce."