Kifin da ke zama cikin murjani

Hoton ƙarshe da wana ya turo mini a waya na kifi ne. Ɗan mitsitsi, fari da zane uku baƙaƙe, cikin bokiti. Ba gaisuwa, ba komi. Lokacin shekararshi ta huɗu ke nan da barin garinmu Allakaye, yana aiki a jiragen masunta, can wani bakin teku da bai taɓa faɗa muna sunanshi ba. Daga nan lambar ta mutu.

Wata shida muna jira. Ni ban da haƙuri, kowa ya sani. Na ce in an gane kifin, ai an gane ruwan, sai mu san inda za mu aika cigiya. Ran kasuwa na tahi Buza, wurin wani mushe, malamin boko da ke koyar da ilimin halittu.

Ya daɗe yana ƙara girman hoton da yatsu. Ya ce da Faransanci damwazel ake ce mishi. Ba ya son zurfi, cikin rassan murjani yake zama inda ruwa ke da ɗumi, in ya tsorata ya shige tsakaninsu.

Na ce, "Mushe, wace ƙasa?"

Ya ce daga Bahar Maliya har ƙarshen gabas akwai irinshi. Raina ya ɓaci, kamar shi ya watsa kifin cikin duniya. Ko godiya ban yi ba.

Na iske Inna tana sussukar dawa. Na ce an ce damwazel ne, cikin murjani yake. Ita kuwa madmazel ta ji, irin kiran da ake yi wa malaman lakwal 'yan mata a makarantar boko. Murjani kuma ba ta san shi ba sai a wuyan mace.

Ta aje taɓarya. "To, mace ce ta riƙe shi. Har da murjani ya saya mata, ɗan banza."

Na buɗe baki in gyara, sai na ga fuskarta ta washe. Rabon da in gan ta haka tun kafin lambar ta mutu. Ranar ta ci tuwo sosai, tana zagin matar.

Shekara bakwai ke nan. Ban gyara ba, kuma abin yana cina. Bara da ta kwanta ciwo ta kama hannuna, ta ce in nemi madmazel ɗin nan in ce mata ita Inna ta yafe mata, ta bar wana ya zo ko kwana guda.