Gicciyen da Na Ce Ni Kaɗai Zan Ɗauka

Salama, jama'a. Wata uku ba ku ji ɗuriyata ba. Ban mutu ba, kunya ce ta riƙe ni.

Ga abin da na ja wa kaina. Kowace Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kankia da Kusada, mutum biyu ke saɓa gicciye zuwa coci. Bana na ce ni kaɗai na isa. Har kafinta na sa ya sassaƙa sabo da iccen maɗaci, wai tsohon ya yi mini shafal.

Yayan matata, Yaya Ayuba, ya kawo kafaɗa zai tallafa. Na ce masa gaban kowa, "Matsa, tsoho, kar ka faɗi a ce ni na kashe ka." Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Na saɓa ni kaɗai, amma kafin mu kai rijiyar ƙauye na ji wani abu ya tsinke a marata. Ashe ƙabar da na shekara huɗu ina ɓoyewa cikin babban wando ce ta sauko, ta ƙi komawa. Washegari sai amai, ciki ya kumbura.

Matata Saratu ta ce, "Baban Ladi, yau ma kai kaɗai za ka ɗauki kanka?"

Yaya Ayuba ne ya goya ni har bakin titi. Tsohon nan dai.

A asibiti aka yi hoto. Likita ya ce hanji ya maƙale, in aka kwana zai ruɓe. Na tsorata, ba wasa. Tumakinmu biyu suka tafi kasuwa. Aka nemi jini leda ɗaya, na Yaya Ayuba ya dace.

Bayan tiyata sai robar fitsari da ƙarin ruwa, ba ci ba sha. Kullum nas, sa'ar ɗiyata, tana tambaya, "Baba, ka yi tusa?" Ran da na yi, ɗakin maza kaf suka yi mini barka. Ni da na so a tafa mini don gicciye!

Fasto ya zo dubiya, ya ce, "Ka manta? Yesu kansa, a hanya wani ya ɗaukar masa gicciye, kuma bai ce masa matsa ba."

A aji huɗu na bar firamare, amma wannan na gane. Gicciye ba gasar ɗaukar kaya ba ce. An riga an ɗauka domina tun ban roƙa ba. Alheri ke nan.

Maza, in kun ga kumburi a mara, ku je asibiti. Babban wando ba magani ba ne.

Na gode wa Ubangiji, da likitoci, da ku masu addu'a. Na warke garau.

Saura bashi ɗaya. Gaban jama'a na wulaƙanta Yaya Ayuba, gaban jama'a zan durƙusa masa. Lahadi biyu ina zuwa da niyya, benci na riƙe ni. Wannan Lahadin ba fashi.

Saratu ta ce kar in damu, in na durƙusa na kasa tashi, shi zai ɗaga ni.