Karsanar Attaher Tana Ɗaure a Gidana

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, Attaher ɗan Mohamed ya cika a gidansa da ke Dakoro bayan gajeruwar jinya. Labarin ya iske ni a maƙera, hannuna cikin injin da shi kansa ya kawo mini gyara. Ni ne Zakiru maƙeri, kuma da wannan injin ka bar ni, Attaher.

Wanda bai san ka ba zai ɗauka ma'aikacin furoje ne, irin masu zuwa da mota su yi jawabi su tafi. Lokacin da masu binciken noma da kiwo na Maradi suka kawo injin sarar kara, wanda ke mayar da karan hatsi da harawa abincin dabbobi, sun so a ajiye shi wuri guda mutane su riƙa zuwa kallo. Kai ka ce abin da bai sha ƙasar gona da ta ruga ba, babu wanda ya san shi tukuna. Ka tara manoman Kornaka masu kara, da makiyayan Azagor masu dabbobi, da matan gari masu kiwon awaki, da ni mai ƙarfe, da su kansu masu binciken, ka zaunar da mu kan tabarma ɗaya.

Ranar ka kafa mana ƙa'idar haɓɓanaye. Duk wanda ya tashi a arewacin nan ya san ta: makiyayi ya ba ɗan'uwansa aron karsana, ta zauna wurinsa har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar hannun mai ita. Ka ce injin nan karsana ce. Kowane gari zai riƙe ta har ta haihu, haihuwarta kuwa ita ce gyaran da mutanen garin suka gano da hannunsu. Daga nan ta dawo wurinka, kai ka miƙa ta gaba. Mun yi maka dariya, amma sunan ya bi ta har yau.

Kuma ta haihu. Hamdiya, shugabar matan, ta ce bakin karsanar ya yi tsawo, sai mace ta hau turmi kafin ta zuba kara, na rage shi. A Azagor, Samba ya ce ƙarfen da ba ya kwancewa a ɗora a amalanke ba abokin makiyayi ba ne, na mayar da ita mai kwancewa kashi-kashi. Masu binciken ma sai da suka jira rabonsu ya zagayo, suka gyara wuƙaƙenta. Ba na manta shekarar da shanun Samba suka shiga gonar Harisu na Kornaka, har gaisuwa ta yanke tsakaninsu. Ba ka yi musu shari'a ba. Buhu ɗaya ka ba su, kowa ya riƙe gefe a bakin injin, kai kuma ka koma gindin gawo kana dafa shayi kamar ba ka gan su ba. Kafin buhun ya cika suna hira.

Amma bari in yi maka ƙorafi, tunda ba ka taɓa hana ni ba. Ka ɗaure igiyoyinmu duka a ƙafarka, ka tafi da su. Karsana ta lalace a Kornaka kafin ta haihu, shi ya sa take wurina. Na gyara ta, amma ban san hannun da zan sa ta ba. Harisu ya zo har ƙofa ya ce, "Ba ta haihu wurinmu ba, rabonmu na nan." Samba ya kira ni a salula ya ce, "Ciyawa ba ta yi ba bana, Zakiru. In ba ta zo kahin rani ba, mi za mu ba bisashe?" Na Maradi sun ce in kai ta biro, wato ofishinsu, har a naɗa wani a madadinka. Kowa da gaskiyarsa, kuma duk wanda na ba, na ci amanar biyu. Na daina fita kasuwa don kada in haɗu da idon wani. Tsoro nake ji, Attaher, kada abin da ka haɗa ya watse a tsakar gidana.

Na je wurin mai ɗakinka Uwale, don a haɓɓanaye in mai saniya ya rasu, magada ake mayar wa. Daga bayan labule ta ce mini, "Bai taɓa cewa tashi ce ba. Kullum cewa shi kai, shi ma aro anka ba shi." Na fito na koma maƙera.

Ranar da ka kawo ta ka ce, "Karsanar ga ta yi ta haihuwar dabara, yaushe za ta haihi maraƙi?" Na ɗauka tsokanarka ce ta kullum. Yanzu na tara tsoffin ƙarafa na fara ƙera ɗanta, inji na biyu. Na san ba zai tsaya da ƙafarsa ba kafin rani ya tsananta, kuma dabbobin Samba ba za su jira shi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Attaher, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka ciyar ya zame maka inuwa ranar da babu wata inuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Uwale, da 'ya'yanka, da danginka na Tagriss, da duk wanda ya taɓa zama kan tabarmar nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya nuna mini hannun da zan sa amanarka. Tana nan ɗaure a gidana, ba ta ci, ba ta sha, amma ban taɓa kiwon abin da ya kai ta nauyi ba.