Tafi Guda na Gero

Jiya jikata na surfe, ƙamshin jiƙaƙƙen gero ya ɗauke ni har Tamawa, gidan marigayiya uwar mijina, zamanin yaƙin basasa. Ina amarya, rumbunmu ya yi ƙasa. Amma kafin a zuba hatsi a turmi, sai Inna ta ɗebi tafi guda ta ajiye wa matan da mazansu suka tafi soja.

Na ce, "Inna, mu fa? Kaka da saura."

Ta ce, "Ɗiyata, su maza suka bayar. Mu gero kawai."

Kunu muka sha har kaka, ba mu roƙi kowa ba. Har yau hannuna kan ware tafin nan da kansa. Allah Ya sa kin tarar da geronki can, Inna.