Kambun Kawu Ilu

Ranar wata Asabar da hantsi, kakar da na shiga aji huɗu, an gama yankan gero a ƙauyenmu kusa da Sandamu, na sari ƙanena Sale da lauje. Ba faɗa muka yi ba, wallahi shi ya miƙo mini hannun da kansa.

Kawu Ilu, ƙanen Innarmu, ɗan tauri ne. In aka kaɗa gangar tauri a bakin kasuwa sai ya tuɓe riga, ya riƙa gurza wuƙa a ciki da wuya yana kirari, ko ƙwarzane babu. Mu kuwa mun ɗauka duk sirrin yana cikin kambun jar fata da yake ɗaurawa a damtse. Ran nan ya rataye shi ya shiga wanka, na lallaɓa na ɗauke, muka zaga bayan rumbu. Na ɗaura wa Sale a hannun dama, na ɗaga laujen da muke yankar wa awaki ciyawa, na sauke da iyakar ƙarfina. Wayyo Allah! Nama ya tsage har ƙashi, jini ya yi tsartuwa ya wanke mini fuska. Sale ko kuka bai yi ba, ya dai dube ni ya sulale ƙasa.

Inna ta fito a guje, ta fizge ɗankwalinta ta ɗaure hannun tana salati. Kawu ya fito da kumfar sabulu a ka, ya shara mini marin da har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. "Ɗan banza, wannan kambun na kunama ne! Maganin ƙarfe sha ake yi!" Aka ɗora Sale a babur zuwa asibiti a Daura, jini na ɗiga a hanya, Inna na bin su ba ko takalmi. Ya rayu, amma yatsunsa uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Alƙalami ya gagare shi, ya bar makaranta, alhali ya fi ni kai nesa ba kusa ba.

Yanzu Kawu ya rasu, gangar tauri ma sai jefi-jefi, yara a waya suke kallonta. Ni malamin makaranta ne, Sale yana dillancin awaki a Mashi. Duk ranar da na je gida da hannun hagu yake ba ni musabiha, ya yi dariya ya ce, "Yaya, kunama dai ba ta taɓa harbina ba." Shekara talatin ke nan, ban taɓa iya taya shi dariyar ba.