Ranar da Gwaggo Ta Ari Niƙabina

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara talatin tana ba mutane dariya, tun daga wasan kwaikwayo na talabijin har zuwa finafinai. Ba ta taɓa fitowa a jaruma ba. Kullum ita ce dillaliya, ko maƙwabciya mai gulma, ko tsohuwar da aka kama da naman miya a baki. Abin da aka fi saninta da shi kuwa kukan ƙarya ne. Sai ta ɗora hannu a ka, ta wage baki, ta buɗe ido ɗaya ta ga ko ana kallonta. Ko ni da na tashi a gabanta, in ta yi sai na riƙe ciki.

Da Baba ya rasu, gidanmu na unguwar Sheshe ya cika da mata 'yan gaisuwa. Gwaggo ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga kicin, ta fito, ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke, ta jera takalman baƙi a bakin ƙofa, ta dawo ta sake jera su. Kwana biyu ban ga ɗigon hawaye a idonta ba. Haushinta ya cika ni. Mutumin da ya tsaya mata lokacin da dangi suka ce ta zubar musu da mutunci, shi ne ba za ta yi wa kuka ba?

Ranar sadakar uku aka fito da kayan Baba daga ɗakinsa, Gwaggo ta ga hularsa. Hannunta ya tafi ka, bakinta ya buɗe. Sai na ji wata a bayana tana danne dariya da mayafi. Wata kuma ta ɗaga waya za ta ɗauka. Yanzu na san ba mugunta ba ce, fuskar ce kawai suka saba da ita. Amma a ranar, da akwai muciya kusa da ni, da an yi abin kunya.

Gwaggo ta haɗiye kukan, ta ja ni ɗaki.

"'Yar nan, ara mini niƙabinki."

"Gwaggo, ina za ki ana zaman makoki?"

"Ke dai ɗauko, ki zo ki raka ni."

Muka fita bakin titi na tsayar da adaidaita sahu. Ni na yi magana, don muryarta ma kowa ya san ta. Na ce wa direban ya yi ta tafiya kawai. Muka ratsa cunkoson Kasuwar Kurmi tana ta murza yatsu, muka miƙa Ƙofar Mazugal, wajen maƙabartar da aka kai Baba. Tana hango katangar sai kukan ya ƙwace mata, niƙabin ya jiƙe ya manne mata a fuska.

Direban dattijo ne mai furfura. Ya kashe rediyo, ya rage gudu.

"Malama, rasuwa aka yi muku?"

Na ce, "Yayanta ne."

"Allah ya jiƙansa. Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri."

Kunya ta rufe ni, na tuna kwana biyun da na yi ina harararta. Ta damƙe hannuna, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Ce masa ya ƙara zagayawa," in ji ta. "Ban gama ba."