Yadda Na Sauka Daga Raƙumi Na Hau Kwaɗo

Bari in faɗi gaskiya tun kafin wani ya riga ni. A duk mutanen da suka taɓa sa hannu a littafin zuwa aiki na ofishinmu, ban san wanda ya kai ni wauta ba, kuma na zauna da wawaye ba kaɗan ba. Ku yaran yanzu kuna ganin furfurar nan kuna rusunawa kuna cewa Baba Tanimu, kun ɗauka hankali ne ya faranta gashin. Ba hankali ba ne, rana ce. Akwai wata ranar bazara da ko na so in manta da ita ba ta yarda, ita zan ba ku.

Ni ba malamin asibiti ba ne. Karatuna wata huɗu ne a ajin yaƙi da jahilci, shi ma rabinsa ta taga na yi shi. Aikina mai babur ne, mataki na biyu, wato daga ni sai mai shara. Ina ɗaukar ma'aikaciyar allura da akwatin sanyi in kai su ƙauyuka: Malikanchi, Furana, wani lokaci a ba da aron mu can wajen Kudan. Ga wanda bai sani ba, akwatin sanyi akwati ne mai kauri da ake jera ƙanƙara a ciki, a sa kwalaben allurar rigakafi a tsakiya. Muddin ƙanƙarar nan na da rai, allura na da rai. Ta narke, doka ta ce a zubar. Da bazara, in ka tashi daga Ikara da hantsi, ƙanƙara ba ta wuce Azahar sai da kyar. To aikina ke nan duka: in riga ƙanƙara.

Babur ɗin da na shekara tara a kai dogo ne, irin na shiga daji, mai manyan tayu masu ƙaya da kariyar ƙarfe a baya inda akwati ke zama daram. Raƙumi ake ce masa. Ni kuwa gajere ne, sai na nemi dutse ko bakin kwata nake hawa. Salansarsa ta huje tun ban daɗe da karɓarsa ba, saboda haka ƙararsa kan riga mu shiga gari da nisa. Mutane na yi mini dariya a kan ƙarar nan, ni ma ina jin kunyarta, musamman in na wuce gaban 'yan mata masu sayar da rake a Makarfi.

Lokacin mulkin soja ne, shekarun tsuke bakin aljihu, da ake bin layi a sayi sabulu da madara, kuma ƙarshen wata kowa ya fito shara ko ya sha dorina. Kayan gyara suka ɓace a kasuwa. Raƙumi ya fara tari, Bitrus makanikenmu ya yi ta ɗaure shi da waya har ya gaji. Wata Litinin shugaban sashenmu, Malam Haladu, ya kira ni ofis.

"Tanimu, sabon babur babu, kada ma ka sa rai. Amma akwai wasu da aka tara a sito a Zariya. An ba mu ɗaya. Ka je da Bitrus ka zaɓa."

"Ranka ya daɗe, ni zan zaɓa?"

"Kai za ka hau, ba ni ba. Sai dai ka sani, takardar sauyin abin hawa kwafi uku ce. Ka dangwala yatsa a kai, shi ke nan, abin da ka ɗauka ya zama naka har ya mutu ko ka yi ritaya. Raƙumi kuma ya tafi layin gwanjo."

Tunda aka haife ni ba a taɓa ce mini in zaɓi wani abu ba. Sunana ba ni na zaɓa ba, aikina kawuna ya nemo mini, ko hular kaina kyauta ce. Tun a mota kaina ya fara juyawa.

A sito babura biyu ne suka rage masu tashi. Ɗaya ƙanen Raƙumi ne sak, kore mai duhu, kujera a yage, kariya a baya. Ɗayan kuwa, Allah mai iko. Ja ne wur, gajere, ya duƙar da kai kamar zai yi karo, da gilashi a gaba da salansa mai ƙyalli. Mai sito ya ce daga gidan wani babban ɗan siyasa aka kwaso shi bayan juyin mulki, na ɗansa ne, tseren yamma yake yi da shi a Kaduna. Na sunkuya na ga fuskata a tankinsa, har gibina na gani.

Na ce, "Bitrus, duba mini wannan."

Ya buga shi, ya kasa kunne, ya kashe. "Injin lafiya lau. Ya fi naka lafiya, kai ma ya fi ka lafiya."

"To in ɗauka?"

"Ban ce ba."

"To in bari?"

"Shi ma ban ce ba. Ni inji aka aiko ni in duba. Amma mutumina, akwati fa? Ina kariya?"

"Sai a riƙe a hannu."

"Wa zai riƙe?"

Na koma kan koren. Na hau, ƙafata ta rataya kamar kullum. Na koma kan jan, a karo na farko a rayuwata tafin ƙafata biyu suka taɓa ƙasa ina kan babur. Na sake komawa kan koren. Na tambayi mai sito, ya ce in shi ne ja zai ɗauka. Na tambayi wani direba da ke jiran taya, ya ce kore. Na sake tambayarsa, ya ce to ja. Na fita na yi alwala na dawo, babura suna nan yadda na bar su. Mai sito ya ce zai rufe ya tafi cin abinci, ya miƙo takarda da tawada, sannan ya ɗauko wata hular kwano baƙa mai rufe fuska duka ya ce, "Wannan tare da jan take." Wallahi ban san lokacin da yatsana ya sauka ba.

Daga Zariya zuwa Makarfi kwalta ce, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin duniya kamar na wannan tafiyar ba. Ba ƙara, sai wani siririn kuka kamar na sauro. Bitrus a baya yana kiran sunan Yesu yana dukan kafaɗata. Na zaga kasuwar Makarfi sau biyu ba abin da zan saya. Na raɗa wa jan babur ɗin suna Walƙiya. Da muka iso ofis, masinja ya ga yadda na kwanta a kan tanki, gwiwoyi a sama, ya ce, "Ga Tanimu a kan kwaɗo." Sunan da ya zauna ke nan. Walƙiya ni kaɗai na taɓa faɗi.

Kwana uku bayan haka labari ya zo ƙyanda ta ɓulla a wasu unguwanni biyu bayan Furana. Malam Haladu da kansa ya jera kwalabe a akwati, ya ce, "Waɗannan su ne na ƙarshe a firjinmu. Wasu sai yadda hali ya yi. Ku gama unguwa ta farko da wuri ku wuce ta biyu."

Wadda za ta yi allurar Sista Rahila ce, 'yar kudancin Kaduna, mace mai haƙuri wadda muka shekara huɗu muna yawo tare. Ta zagaya Kwaɗo sau ɗaya, ta dubi ɗan wurin zaman baya da bai fi faifai ba.

"Malam Tanimu, ni a ina? Akwati a ina?"

"Sista, ke a nan, akwati a cinyarki."

"Ni kuma in riƙe me?"

"Ki riƙe Allah."

Ba ta yi dariya ba.

Muna barin burji aiki ya tashi. Ramin da Raƙumi ke wucewa bai ma sani ba, Kwaɗo sai ya buga ciki a kai. Hular kwano ta zama tukunya, gumi na shiga idona. Da muka zo rafin da ke gaban Furana, wanda ya bushe ya bar yashi zalla, siraran tayun nan suka nutse. Na murɗa totur, ya haƙa wa kansa kabari. Muka sauka. Rahila ta ɗora akwati a ka ta yi gaba, ni ina turi ina faɗuwa. Ƙetaren da muke yi kafin a gama gaisuwa, ranar ya ci mana wajen awa guda da rabi.

Rana ta kusa tsaka muka shiga unguwa ta farko, sai na ga abin da ban gane ba. Ba kowa. A ƙarƙashin tsamiyar da mata ke jeruwa da 'ya'ya a goye, katin allura a hannu, sai awaki. Ga turmi da taɓarya a ciki, ga tukunya a kan wuta tana tafasa, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. Na yi sallama, shiru. Na danna ham, shi ma wani ɗan siririn abu, kaji kawai suka watse. Na ce ko mun ɓata hanya ne, ko cutar ta kwashe gari, ko ni ne zafi ya taɓa wa kai.

A zaure muka sami mai unguwa, tsoho ne da ido ya yi wa rauni, ya kasa gudu. Yana ganin inuwata ya fara, "Ranka ya daɗe, mun share, wallahi jiya muka share, masai ma an rufe."

Ashe wani manomi ne ya hango jan babur da mutum mai baƙin kai ba fuska, ya sheƙo ya ce ga duba-gari nan da soja. Maza suka yi daji, mata suka kwashi yara suka shige gonakin rake a fadama.

Na ce, "Baba, ni ne Tanimu, mai allura!" Ina ta kokawa da maɗaurin hular, ya ƙi kwancewa, muryata na fita kamar daga rijiya.

"Masu allura ba su zo ba tukuna, ranka ya daɗe. Tun safe muke kasa kunne, ba mu ji Raƙumi ba."

Da kyar Rahila ta fizge mini hular. Tsoho ya matso ya leƙa fuskata, ya girgiza kai. "A'a. Tanimu dogo ne."

Shekara tara ina shiga garin nan. A wannan zauren na gane ba ni suka sani ba. Ba a taɓa aika musu takarda ko sanƙira cewa ga ranar allura ba. Ƙarar da nake jin kunya ita ce sanarwar. Tun muna rafi suke jinta, mace ta sami lokacin wanke ɗanta ta nemo kati a cikin kwalla.

Rahila ta ɗaga murfin akwati ta rufe da sauri. "Malam Tanimu, ƙanƙara ta fara iyo. Ka san yadda za ka yi."

Na rasa ta yi. Na je bakin fadama na yi ta kiran sunaye, rake kawai ke motsi. Na dawo na tsaya ina kallon Kwaɗo, shi ma yana kallona da fuskata a tankinsa. Can na ce wa mai unguwa ya ara mini ƙusa da guduma, ya ce sai dai dundurusu. Na durƙusa gaban salansar nan mai ƙyalli, kayan gwamnati, kwana uku a hannuna, na rufe ido na huda. Na sake hudawa. Na yi huda biyar, na buga kik.

Ba muryar Raƙumi ba ce, kada in yi masa ƙarya. Kamar Raƙumi ne mura ta kama shi. Na yi ta zagaya tsamiya a giya ɗaya, kai ba hula, Rahila ta tsaya a fili da farar rigarta ta ɗaga akwati sama. Wata tsohuwa ce ta fara leƙowa daga cikin rake, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta ƙwala, "Ku fito, su ne! Raƙumin ne ya lalace!"

Mun yi wa yaran unguwar allura, duk wanda aka kawo. Kafin mu gama, ƙanƙara ta zama ruwa mai ɗumi. Unguwa ta biyu ba mu je ba. Rahila ta ware kwalaben da suka rage ta rubuta a littafi cewa sun lalace. Sai bayan makonni aka samo wasu, kuma a tsakanin nan an kwantar da yara daga can a asibiti. Duk sun tashi, amma wata yarinya idonta ɗaya bai koma daidai ba. Ta girma, tana da jikoki yanzu, in mun haɗu a kasuwa takan gaishe ni da fara'a. Ba ta sani ba. Ni na sani.

An ba ni takardar tuhuma guda biyu, ɗaya ta allura, ɗaya ta salansa. Bitrus ya rubuta mini amsa, na dangwala. Na roƙi a dawo mini da Raƙumi, Malam Haladu ya buɗe fayil ya nuna mini yatsana a kwafi uku. Haka na shekara shida a kan Kwaɗo, da katako a ɗaure a baya a matsayin kariya, da huda biyar a salansa, ina turi a kowane rafi. Shi ya sa in na ga ɗayanku an ba shi kayan aiki yana duba kyansu, nakan ce ya fara zuwa ya tambayi mutanen da zai kai wa aikin da me suke gane shi. Sau da yawa abin da kake ɓoyewa ne.

Amma maganar da ta tsaya mini ba ta Malam Haladu ba ce. A hanyar dawowa ranar nan, muna tsakiyar yashi ina turi, Rahila na gaba da akwatin da ba komai a ciki sai ruwa, ta tsaya ta juyo. Ba faɗa a muryarta, tambaya take yi tsakani da Allah.

"Malam Tanimu, wai ranar da ka zaɓi jan nan, ina ka yi niyyar zuwa?"